Haƙuri Ko Adalci: Uwa Ma'aikaciya A Kotun Finafinai

Gabatarwa

Duk wanda ya ƙaga labari, ya sani ko bai sani ba, ya hau kujerar alƙalanci. Shi ne yake yanke wanda zai yi dariya a ƙarshe da wanda zai yi kuka, wanda za a wanke da wanda za a ɗora wa laifi. Tun a tatsuniya haka abin yake. 'Yar bora mai ladabi takan komo gida bisa doki da dukiya, 'yar mowa mai tsiwa kuwa ta komo da ayarin kutare da makafi. Ba sai an ce wa yaro ya yi ladabi ba, ƙarshen labarin ya riga ya faɗa masa. Fim ya gaji wannan kujera, ya kuma fi tatsuniya ƙarfi, domin gani ya kori ji.

Manufar wannan muƙala ita ce ta ɗauko shari'a guda daga cikin waɗanda finafinai suka daɗe suna yankewa, ta sake dubanta. Wadda ake ƙara ita ce uwa ma'aikaciya, wato macen da take da 'ya'ya, take kuma da wani aiki ko sana'a da ke cin lokacinta: malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko lauya, ko akawun banki, ko 'yar kasuwa. Tuhumar da ake yi mata ɗaya ce, cewa ta raba zuciyarta biyu, ta ba aiki abin da yake haƙƙin gida ne. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, finafinai, namu da na ƙetare, sukan yafe wa uwa aikinta muddin wahala ce ta kora ta gare shi. Amma da zarar an ga tana son aikin, tana ci gaba a cikinsa, sai a hukunta ta, kuma galibi ta jikin 'ya'yanta. Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin wannan hukunci adalci ne?

Uwa Ba Yau Ta Fara Aiki Ba

Kafin a shiga shari'ar, ya kamata a gyara wata fahimta. Finafinai da yawa an gina su ne bisa zaton cewa a da uwa zaune kawai take da goyonta, sai boko ya zo ya fitar da ita. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma uwar 'ya'ya. Duk da haka ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa dattijan mata sarautar jaji domin su kai karatu ga matan ƙauyuka.

Haka kuma talakawan mata. A binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda ta buga a 1969, ta nuna cewa akwai ɓoyayyen ciniki mai faɗi da ke gudana a bayan danga, a hannun matan kulle. Su ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu fura da ƙosai da daddawa, masu kaɗi da ɗinkin hula. Yara ke kai talla, riba ta shiga adashi, adashi ya zama kayan ɗakin 'ya mace ranar aurenta.

Mai karatu a Jalingo ba ya ma bukatar littafi kafin ya yarda. Ya ga matan Fulani suna shigowa gari da sassafe da ƙwaryar nono a ka. Ya ga matan Mumuye na Zing da Yorro a gona da kuma a kasuwar doya. Ya san masu tsinkar ganyen shayi a Kakara bisa tsaunin Mambila, da masu bandar kifi a Ibi. Da yawansu da goyo a baya suke wannan aiki, kuma ba a taɓa jin an kai su ƙara ba. Abin da ya sauya a zamaninmu abu uku ne. Aiki ya bar tsakar gida ya koma wurin da ba a zuwa da goyo. Agogo ya karɓi ikon da a da yake hannun mai sana'a. Sa'an nan ladan aikin ya zama albashi da muƙami, waɗanda kowa yake gani. A kan waɗannan abubuwa uku ne finafinai suka kasa uwa ma'aikaciya gida biyu.

Uwa Ta Farko: Wadda Wahala Ta Kora

Babu fim ɗin da ya fi fito da wannan uwa kamar Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, wanda kuma ya yi shekaru ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa. Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, mijinta ya rasa hannuwansa biyu a gona, kunya ta sa ya bar gida. Ta ja garma da kafaɗarta kamar saniya, ta sha ambaliya da yunwa da zaluncin mai ba da bashi da ruwa, ta ƙi sayar da mutuncinta, ta raini 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta sa'ad da ya sace 'yar mutane. Ba a taɓa jin mai kallo ya zargi Radha da barin gida zuwa gona ba. Hawayenta ya wanke ta.

A adabinmu ma akwai irinta. Littafin Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da aka fi ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da littafin fim. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta kai su makaranta, ta aurar da 'yarta aure na mutunci. Da dukiyar mijin ta ƙone, amaryar ta watse, sai maza suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Marubuciyar ba ta ɓoye cewa ba da son ranta ta koma ba.

Idan aka dubi waɗannan mata biyu da ire-irensu, za a ga akwai sharuɗɗan da ake gindaya musu kafin a yaba musu. Dole miji ya mutu, ko ya gudu, ko ya zama azzalumi. Dole aikin ya zama na gumi da toka. Dole kada a ga alamar tana jin daɗinsa. Wato dai ana girmama aikin uwa ne a matsayin musiba da ta jure. Ita Balaraba ta gane wannan tarko, shi ya sa ta bar ɗaci a ƙarshen labarinta. Masu kwaikwayon zubin kuwa sau da yawa sukan ɗauki wahalar su bar ɗacin.

Uwa Ta Biyu: Wadda Ta Zaɓi Aikinta

Tsohon misalin wannan uwa daga Amurka yake. A fim ɗin Mildred Pierce na 1945, Joan Crawford ta fito a matsayin matar da ta rabu da mijinta, ta fara da toye-toye a gida, ta yi aikin kai abinci a teburi, har ta mallaki gidajen cin abinci da dama. Muddin tana shan wahala, fim ɗin yana tare da ita. Da ta fara ɗagawa, sai ƙaramar 'yarta ta mutu da ciwon huhu, babbar kuma ta lalace da son duniya har ta yi kisan kai. Dukiyar ta salwanta. An rufe fim ɗin da Mildred tana fita daga ofishin 'yan sanda tare da mijinta na fari. Ba banza ba ne wannan labari ya fito a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, lokacin da sojoji ke komowa gida ana bukatar matan da suka riƙe masana'antu su ba su wuri.

Mai kallon finafinan Hausa da na kudancin Nijeriya ya san wannan zubi, ko da bai taɓa jin sunan Mildred ba. Ga Hajiya da mota da jakar hannu, wayarta ba ta daina ƙara. Maigida ya komo ya tarar da abinci a kula, wanda 'yar aiki ta dafa. Ranar da za a yi babban taro a ofis, ranar ce zazzaɓi zai kama auta. Daga nan sai ɗa ya faɗa shaye-shaye, ko 'ya ta bi ƙawayen banza, ko kuma maigida ya ƙaro aure da wadda aka nuna ta iya girki da durƙuso. A ƙarshe Hajiya ta yi kuka, ta nemi gafara, ta rubuta takardar ajiye aiki, kiɗa ya tashi.

A nan ne gizo yake saƙa. Wane ne ya sa zazzaɓin ya zo a ranar taron? Marubucin labarin ne. A rayuwa, akwai 'ya'yan matan da ba su taɓa leƙa ƙofar ofis ba, amma suka lalace, akwai kuma 'ya'yan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka zama abin misali a unguwa. Fim ya ɗauki abu biyu da suka zo tare, ya nuna su kamar ɗaya ne ya haifi ɗayan. Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya yi nuni da cewa ƙagaggen labari ya fi tarihi kusa da falsafa, domin tarihi yana faɗin abin da ya sami wane, shi kuwa labari yana faɗin abin da kan sami irin su wane. Idan haka ne, nauyin da ke kan mai shirya fim ya ƙaru. Mai kallo ba ya tashi da cewa wata Hajiya ta yi sakaci. Yana tashi ne da cewa haka ma'aikatan mata suke. Saurayin da ya ga wannan zubi sau goma, ranar da zai nemi auren ɗaliba, sharaɗinsa na farko shi ne a ajiye takardar shaidar digiri a ƙasan akwati.

Gaskiyar Da Ke Bakin Masu Ƙara

Adalci bai yarda a ƙi sauraron masu ƙara ba, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Yaro yana bukatar lokaci, kuɗi kuwa ba ya reno. Jariri nonon uwarsa yake nema, babu wanda zai karɓe ta a wannan. Yini awa ashirin da huɗu ne ga kowa, abin da aka ba ofis an rage shi ne daga wani wuri. Akwai kuma iyaye mata masu sakaci na gaske, waɗanda suka mayar da aiki mafaka daga hayaniyar gida. Bugu da ƙari, tsoron da al'umma ke ji game da 'ya'yanta ba ƙage ba ne. A watan Mayu na 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda matasa, maza da mata, suke kwankwaɗarsa. Mai shirya fim da ya ga wannan ɓarna ya nemi sanadinta bai yi laifi ba.

Laifinsa shi ne ya tsaya a kan mutum na farko da ya gani a bakin ƙofa. Alƙalin da ya yanke hukunci bai kira shaidu ba, ko da ya dace da gaskiya, ya yi zalunci. A wannan shari'a akwai shaidu uku da ba a cika kiransu ba.

Shaidun Da Ba A Kira Ba

Shaida na farko shi ne uba. A irin waɗannan finafinai, maigida a sahun waɗanda aka zalunta yake zama, kusa da yara, yana jiran abinci. Ba a nuna shi yana duba littafin ɗansa, ko yana tambayar su wane ne abokansa, ko yana kai auta asibiti. Shi ma da safe ya fita, da dare ya komo, wani lokaci ma sai ya biya ta majalisa, amma ba a taɓa ɗora lalacewar ɗa a kan aikinsa ba. Alhali Musulunci da Kiristanci, addinan da mafi yawan mutanen Taraba ke bi, duka sun ɗora tarbiyya a wuyan iyaye biyu. Masaniyar halayyar zaman jama'a Arlie Hochschild, a littafin da ta fitar a 1989, ta kira aikin da ma'aikaciya ke tararwa a gida zango na biyu, ta kuma ƙiyasta cewa a Amurka ya kai kusan wata guda cur, dare da rana, a kowace shekara fiye da na mijinta. A wurinmu akwai ƙarin wani abu. A shari'ar Musulunci ci da sha da sutura da muhalli a kan miji suke, abin da mace ta samu kuwa nata ne. Amma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, gidaje nawa ne a Jalingo za su iya biyan kuɗin makaranta da na magani ba tare da albashin uwargida ba? Bai dace gida ya ci albashinta da rana, da dare kuma ya zauna gaban talabijin yana kallon yadda ake tsine wa masu irin aikinta ba.

Shaida na biyu ita ce doka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida, al'ada da addini kuma sun kai shayarwa kusan shekara biyu kafin yaye. Lissafin a fili yake: mako 16 bai cika wata huɗu ba. Ma'aikaciyar jinyar da aka sa wa aikin dare da jariri ɗan wata huɗu a gida ba muguwar uwa ba ce, an dai sa ta ne tsakanin umarni biyu masu karo da juna. Abin da ke nuna cewa ɗaurin na hannun mutane ne shi ne, an kwance shi a wasu wurare. Jihar Legas ta mayar da hutun wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince da hutun kwana 14 ga uba a 2021. Fim ɗin da ya mayar da matsalar tsari ta zama matsalar hali ya sauke wa hukuma nauyi, ya ɗora wa wadda ba ita ta rubuta dokar ba.

Shaida ta uku ita ce wadda ta fi kowa cancantar a ji ta, wato 'yar aiki. A da, reno aikin babban gida ne. Akwai kaka da goggo da inna, akwai matan 'yan'uwa, har kishiya takan riƙe ɗan abokiyar zamanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a taɓa sa shi ya ɗauka ba. Yanzu da ma'aikaci da matarsa suka koma gidan haya a birni, su kaɗai da 'ya'yansu, gurbin duk waɗannan hannuwa ya faɗa kan yarinya guda, 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, da aka ɗauko daga ƙauye. Ita ke wanka da wanki, ita ke rakiyar yara makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Ta yaya finafinanmu suke nuna wannan yarinya? Ko dai ɓarauniya, ko mai ƙwace miji, ko baƙauyar da ake yi wa dariya. A fim ɗin Roma na 2018, Alfonso Cuarón na ƙasar Meziko ya juya kyamara, ya ba da labarin gida daga idon mai aikatau, sai aka ga ashe gidan duka a kafaɗarta yake tsaye. Idan akwai tuhuma ta gaskiya da za a yi wa gidan ma'aikata, to wannan ce: an sayi karatun 'ya'yan gida da jahilcin 'yar wani. Ita kuwa wannan tuhuma, miji da mata ta haɗa, da ni da kai mai karatu idan muna cikin masu yi.

Haƙuri Da Adalci

A laccar da ya gabatar kan Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka ɗora uwar fim a kan wannan sikeli, za a ga uku kawai ake nema daga gare ta, wato haƙuri da kunya da ladabi. Hikimarta da hankalinta, waɗanda su ne jarin malama da likita, an mayar da su abin tsoro. Adalci kuwa, wanda shi ne haƙƙinta a kan sauran mutanen gida, ba a ma ambatonsa.

Babu mai musun darajar haƙuri. Amma haƙuri ado ne idan mai shi ne ya zaɓe shi. Idan kuwa mai cin moriya ne yake wa'azinsa kullum ga wanda ake ci da guminsa, ya zama dabarar toshe baki. Al'ummar da ba ta iya girmama uwa sai ta gan ta cikin toka ta koya wa 'ya'yanta mata cewa wahala ce kuɗin mutunci. Akwai kuma saɓani a bakinmu da ya kamata mu ji kunyarsa. Mutumin da ya hana 'yarsa aikin asibiti, shi ne kuma yake rantsuwa cewa namiji ba zai karɓi haihuwar matarsa ba. Ungozomar da yake nema, ai 'yar wani ce, matar wani ce, uwar wasu ce, kuma a daren da take tsaye kan matarsa, wani ne yake jijjiga nata jaririn.

Wa Ke Ba Da Labarin?

Wani dalilin da ya sa hukuncin ya karkata shi ne, wadda ake ƙara ba ta cikin masu rubuta shi. A masana'antar finafinan Hausa, wadda mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999, sanannen abu ne cewa 'yar wasa takan bar fitowa da zarar ta yi aure. Wato masana'antar da kanta ta ɗauka aure da sana'a ba sa zama inuwa ɗaya. Dattijan matan da suka rage suna fitowa a matsayin iyaye, su ma ma'aikata ne masu ciyar da gida. A 2022 Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa sau da yawa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da su, wasu masu shirya finafinai suka musanta, aka yi ta cacar baki. Ko ina gaskiyar ta tsaya, abin lura shi ne, ga labarin uwa ma'aikaciya a cikin gidan masu ba da labari.

Amma akwai wata hanyar. A 2000 Usman Sembene na Senegal ya fitar da Faat Kiné, labarin matar da malaminta ya yi wa ciki aka kore ta daga makaranta, ta fara da sayar da mai a bakin famfo, har ta zama manajar gidan mai a Dakar. Tana son aikinta, tana dariya, tana da gidan kanta. 'Ya'yanta biyu sun ci jarrabawar shiga jami'a. Sembene bai ɓoye kuɗin da aka biya ba, domin ya nuna tsohuwarta, wadda ta tare wuta da bayanta ranar da uban ya so ƙona 'yarsa, ta kuma riƙe jikoki. A ranar walima sai ga ubannin yaran biyu, waɗanda ba su taɓa sayen ko sabulu ba, sun zo neman girma, ɗan ya tsaya ya tambaye su abin da suka yi. Wannan fim bai ce aikin uwa ba shi da ciwo ba. Ya dai kira dukkan shaidu.

Mu ma ba mu rasa abin faɗa ba. Marigayiya A'isha Jummai Alhassan, wadda aka haifa a 1959, ita ce mace ta farko da ta zama Babbar Lauyar Jihar Taraba. Ta zama babbar magatakardar Babbar Kotun Birnin Tarayya, ta wakilci Taraba ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 2011, ta tsaya takarar gwamna a 2015 har kotun zaɓe ta ba ta nasara kafin kotunan gaba su soke, ta riƙe Ma'aikatar Mata har 2018, ta rasu a Alƙahira a 2021. Mutum yana iya bin siyasarta ko ya ƙi. Abin lura shi ne sunan da talakawa suka raɗa mata: Mama Taraba. Su ba su ga karo tsakanin uwa da muƙami ba.

Kammalawa

An ga cewa uwa ta daɗe tana aiki a ƙasarmu, kuma finafinai sun kasa ta gida biyu, suna yabon wadda wahala ta kora, suna hukunta wadda ta zaɓa. An ga cewa tsoron da ke bayan wannan hukunci yana da tushe, amma an yanke shi ba tare da jin uba da doka da 'yar aiki ba. Saboda haka amsar tambayar da aka faro da ita ita ce, hukuncin ba adalci ba ne.

Daga cikin ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su rubuta labaran finafinai. Ba a neman su mayar da kowace ma'aikaciya waliyyiya, domin wannan ma ƙarya ce. Abin da ake nema shi ne, idan sun sa yaro zazzaɓi a ranar taron uwarsa, su nuna mana inda ubansa yake a wannan sa'a. Idan sun sa 'yar aiki a kicin, su ba ta suna da gari da iyaye, su kuma gaya mana ajin da aka cire ta. Idan kuma sun kai Hajiya ga rubuta takardar ajiye aiki, kada su rufe fim ɗin a nan. Su bi ta zuwa ajin da ta bari babu malami, su kuma bi ta zuwa ƙarshen wata, ranar da za a nemi kuɗin makaranta.